Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Wasu Kamfanonin Ƙananan Bindigogi Suka Kasa Kamo Ƙafar Glock?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin tsaro ne da ya ajiye aiki, kuma har yanzu ina bibiyar labaran makamai a jaridu da talabijin. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, duk inda aka nuna ɗan sandan Amurka ko sojan wata ƙasar Turai da ƙaramar bindiga a ƙugu, sai ka ji an ce Glock ce, in ba ita ba kuwa SIG Sauer. Alhali na san akwai kamfanonin da suka girmi Glock nesa ba kusa ba, irin su Colt da Remington da Steyr da Walther. Shin kayansu ne ba su da inganci, ko kuwa akwai wani dalili na daban da ya hana su karɓuwa? Daga wani mai karatu, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan hidimar da ka yi wa ƙasa. Ba kasafai rashin inganci yake zama dalili ba, domin a yau da wuya ka sami babban kamfanin makamai da zai fitar da ƙaramar bindigar da ba ta kai harsashi inda aka saita ta. Abin da yake raba su shi ne, wanda ya sayi bindiga ba ƙarfen kaɗai ya saya ba. Ya sayi gidan harsashin da za ta ci, da kuben da zai rataye ta, da kayan gyaranta, da mutumin da ya iya gyaran, da kuma natsuwar cewa kamfanin da ya ƙera ta yana nan daram bayan shekara 20. Ka tambayi ɗan acaɓa dalilin da ya sa yake manne wa babur ƙirar Boxer ko da an kawo masa wani sabo da ya fi shi kyan gani da sauƙin kuɗi, zai ce maka idan Boxer ya lalace a ƙauyen da ko wutar lantarki babu, akwai bakanike a gindin bishiya da ya san cikinsa, kuma kayansa suna nan a shagon da yake kusa. Haka lamarin yake a kasuwar bindiga, sai dai a nan abin da ake tsoron ya ba da kunya ɗin, rai ne yake rataye a kansa.

Ya kamata mu fara da yadda shi Glock ɗin ya hau wannan kujera, domin a nan ne rabin amsar take. Gaston Glock, wanda ya rasu a watan Disamba na 2023 yana da shekara 94, ba maƙerin bindiga ba ne tun asali. Kamfanin da ya kafa a 1963 a garin Deutsch-Wagram, kusa da Vienna babban birnin Ostiriya, yana yin ƙananan kayan ƙarfe da na roba ne, irin su sandar rataye labule, daga baya kuma wuƙaƙe na sojojin ƙasar. A 1980 rundunar sojan Ostiriya ta sanar tana neman bindigar da za ta maye gurbin Walther P38, wadda ta samo asali tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Glock ya tara waɗanda suka san harkar, ya saurari abin da suke buƙata, ya fito da bindiga mai gangar jiki ta roba mai ƙarfi, mai cin harsashi 17, wadda sassanta gaba ɗaya kimanin 34 ne. A 1982 ta kayar da sauran a gwaji, har da ta Steyr, wanda shi ne tsohon kamfanin makamai na gida da kowa ya ɗauka kwangilar tasa ce. Amma ba Glock ne ya fara bindigar roba ba. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya riga shi da shekara 12, da wata mai suna VP70 da ya fitar a 1970, wadda take cin harsashi 18. Kunamarta tana da tauri ƙwarai, har sai mai harbi ya yi da gaske kafin ta tashi, kuma wannan ƙoƙarin yakan karkatar da saiti. Ba ta taɓa yin farin jini ba har aka daina ƙera ta a 1989.

Abin da ya ɗaga Glock shi ne ya shigo Amurka a kan gaɓa. Ya buɗe reshe a garin Smyrna na jihar Jojiya a 1985, lokacin da mafi yawan 'yan sandan ƙasar suke riƙe da libarba mai cin harsashi shida, cinikin hodar iblis kuma yana ƙara zafafa a manyan birane. A ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi musayar wuta da wasu 'yan fashin banki biyu a yankin Miami. An kashe 'yan fashin, amma jami'ai biyu sun mutu, biyar sun jikkata, wasunsu suna fama da ɗura libarba harsashi ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar ruwan wuta. Daga nan rundunonin 'yan sanda suka shiga neman bindiga mai ɗura kanta, mai cin harsashi da yawa, kuma wadda ɗan sandan da ya saba da libarba zai iya koya ba tare da wahala ba. Glock ya zo musu da hakan, domin ba ta da wani makullin da sai an kawar da shi da yatsa kafin a harba, sannan ya haɗa da dabarar ciniki: ya yi musu rangwame mai yawa, ya karɓi tsofaffin bindigoginsu a matsayin wani ɓangare na kuɗi, ya sayar da su ta hannun dillalai. Da yake zuba roba a mazubi ya fi sassaƙa ƙarfe araha, yana iya sauke farashi ya kuma ci riba, abin da masu yin bindigar ƙarfe zalla ba za su iya ba. Kamfanin da kansa yakan ce kusan kashi 65 cikin 100 na hukumomin 'yan sandan Amurka kayansa suke amfani da su.

Kai da ka yi aikin ɗamara, Malam, ka san abin da ake nufi da kwance bindiga don goge ta. A Glock sai a zare gidan harsashi, a duba a tabbatar babu komai a ciki, a danna kunama, a ɗan ja saman baya kaɗan, a sauke wasu 'yan ƙarafa biyu da suke gefe da gefe, sai saman ya zame gaba. Abu huɗu ne za su kwanta a kan tebur: gangar jiki, da saman, da bututu, da wayar da take mayar da saman mazauninsa. Kwas ɗin da kamfanin yake yi wa masu gyaran bindiga na runduna kwana ɗaya ne. A ganina wannan danna kunama kafin a kwance aibi ne, domin an sha samun wanda ya manta harsashi a ciki ya harbi kansa ko ƙasan ɗaki, kuma abokan hamayya sun daɗe suna talla da cewa tasu ba ta buƙatar haka. Amma ka sa kanka a kujerar shugaban rundunar da take da mutum 2,000, wanda wani sabon kamfani ya kawo wa bindigar da ta gyara wannan aibin. Idan ya karɓa, sai ya sayi kube 2,000 sababbi, da gidajen harsashi aƙalla uku ga kowane mutum, ya sake tura masu gyara kwas, ya zubar da kayan gyaran da suke ma'aji, ya cire kowane ɗan sanda daga bakin aiki ya kai shi filin harbi. Bayan duk wannan, ranar da sabuwar bindigar ta ƙi tashi a hannun wani yaronsa, shi za a kira a tambaya me ya sa ya bar abin da kowa ya sani. Idan kuwa Glock ce ta ba da matsala, ba wanda zai ce zaɓinsa ne ya jawo.

Farar hula kuma, a ƙasar da doka ta ba su dama irin Amurka, ƙugun ɗan sanda suke kallo kafin su shiga shago. Da masu saye suka yi yawa, sai ɗaruruwan ƙananan kamfanoni suka taso suna yin kube da saiti da fitila da gidan harsashi na Glock, yawansu ya sa kayan suka yi araha, arahar kuma ta jawo ƙarin masu saye. Wanda ya sayi Steyr M9, wadda ta fito a 1999 kuma masana da yawa suka yaba da yadda take zama a hannu, zai iya zaga shaguna da dama bai sami kubenta ba, gidan harsashinta kuma sai ya yi oda ya jira. Lamarin ya kai inda, bayan wa'adin kariyar fasahar tsofaffin samfuran Glock ya ƙare, wasu abokan hamayyarsa suka daina ja da shi, suka koma ƙera bindigogin da suke cin gidan harsashinsa da wasu sassansa. Ko kamfanin Ruger, wanda yake cikin manya a Amurka, ya fitar da irin wannan mai suna RXM a ƙarshen 2024. Duk wadda suka sayar, kasuwar kayan Glock ce take ƙara faɗi.

Tsofaffin kamfanonin da ka ambata sun makara ne, da suka farga kuma suka yi gaggawa. Colt, wanda bindigarsa M1911 ta yi wa sojojin Amurka hidima daga 1911 har zuwa 1985 da Beretta ta Italiya ta karɓe ta, ya fitar da All American 2000 a farkon shekarun 1990 domin ya dawo da 'yan sanda gare shi. Ta zo da matsalar rashin tashi da rashin daidaiton saiti, aka janye ta, cikin 'yan shekaru aka daina yin ta. Kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 1992, ya sake nema a 2015, a 2021 kuma kamfanin CZ na Jamhuriyar Czech ya saye shi. Smith & Wesson ya fitar da Sigma a 1994, wadda ta yi kama da Glock har Glock ya maka shi a kotu, suka sasanta a 1997. Kama da wane ba ta wane, kuma mai saye yakan ce idan dai irin Glock ce, gara ya ƙara 'yan kuɗi ya ɗauki ta ainihi. Sai a 2005, da samfurin M&P, Smith & Wesson ya fara maido da wasu rundunonin da ya rasa.

Wani abin da ya bambanta wannan kasuwa da ta wayar hannu ko ta sutura shi ne, ba a yafe kuskuren farko. Remington, wanda aka kafa a 1816 kuma ya yi suna a kan dogayen bindigogin farauta, ya fitar da ƙaramar bindiga R51 a 2014 bayan talla mai yawa, amma waɗanda suka fara saye suka yi ta kukan tana cijewa, cikin watanni kamfanin ya dakatar da ita. Da ya dawo da ita a 2016 bayan gyara, mutane sun riga sun juya baya, domin wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Bashi ne ya durƙusar da Remington a 2018 da 2020, ba wannan bindigar kaɗai ba, amma ita ta rufe masa ƙofar da yake son shiga. Caracal na Abu Dhabi ya sha irin wannan a 2013, da ya janye samfurinsa na Model C gaba ɗaya. Ƙaramin kamfanin Hudson na jihar Texas ya fito da H9 a 2017, aka yi ta yabonta, amma farashinta ya haura dala 1,000, kuma a 2019 kamfanin ya karye, ya bar waɗanda suka saya da bindigar da babu mai yi mata kayan gyara. Kowane labari irin wannan yana ƙara tsoratar da mai saye daga sabon suna na gaba, ko da shi bai yi laifin komai ba.

Misalin da na fi so, domin yana nuna cewa ba a ƙarfen matsalar take ba, shi ne na wata bindigar Kuroshiya mai suna HS2000, wadda kamfanin HS Produkt yake ƙerawa a garin Karlovac. An shigo da ita Amurka da sunanta na asali, tana da araha, amma kaɗan ne suka kula ta. A 2002 kamfanin Springfield Armory na jihar Illinois ya karɓi sayar da ita, ya sa mata suna XD, ya shigar da ita hannun dillalansa, ya tsaya mata da garanti da talla. Bindigar ita ce dai, daga masana'antar da take fitowa tun farko, amma ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a ƙasar.

Doka da siyasa ma suna da nasu rabon. Dokar makamai ta Amurka ta 1968 ta gindaya sharuɗɗan girma da nauyi ga ƙaramar bindigar da za a shigo da ita daga waje, wanda hakan ya hana shigo da Walther PPK, dole kamfanin ya yi wata mai ɗan tsawo mai suna PPK/S. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta hana shigo da ƙananan bindigogin Sin. Bindigar CZ 75 ta ƙasar Czechoslovakia, wadda ta fito a 1975 kuma ake ƙidaya ta cikin mafiya kyau a zamaninta, ta tsinci kanta a ɓangaren 'yan gurguzu lokacin Yaƙin Cacar Baka, sai wasu kamfanoni irin su Tanfoglio na Italiya suka kwaikwaye ta suka ci kasuwar Yamma da ita. A watan Maris na 2000 kuma Smith & Wesson ya sa hannu a wata yarjejeniya da gwamnatin Clinton kan taƙaita yadda ake sayar da bindiga, masu saye suka ƙaurace masa, har kamfanin Tomkins na Ingila, wanda ya saye shi kan kimanin dala miliyan 112 a 1987, ya sayar da shi kan dala miliyan 15 a 2001.

Wanda ya fi kowa fasa wannan katanga shi ne SIG Sauer, kuma ba ta hanyar yin abin da ya ɗara Glock kaɗan ya fasa ta ba. A watan Janairu na 2017 bindigarsa P320 ta ci kwangilar sojojin Amurka da za ta iya kai wa dala miliyan 580, ta maye gurbin Beretta, sojojin suka sa mata suna M17 da M18. Glock ya kai ƙorafi, ba a karɓa ba. A 2018 kuma SIG Sauer ya fitar da P365, ƙarama da za ta ɓuya a ƙarƙashin riga amma tana cin harsashi 10, a lokacin da masu girmanta suke cin shida ko bakwai, sai kowa ya koma bin bayansa a wannan fanni. Abin lura shi ne ita ma P320 ba ta tsira daga zargi ba: a 2017 an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska, kamfanin ya yi wa masu ita gyara kyauta, daga baya kuma aka yi ta shigar da ƙara ana zargin tana tashi ba a taɓa kunama ba, zargin da kamfanin yake musantawa. Rabin wannan ya isa ya binne kamfani irin Hudson, amma wanda yake da kwangilar soja a hannu yana da ƙarfin da zai jure.

Kada kuma ka ɗauka abin da ake gani a Amurka shi ne duniya. Gaskiya ne sojojin Birtaniya sun ajiye Browning Hi-Power sun ɗauki Glock 17 sama da 25,000 a 2013, Faransa ma ta yi odar kusan 75,000 a 2020, amma 'yan sandan jihohin Jamus da yawa Walther da Heckler & Koch suke riƙewa, Beretta tana da ƙarfi a Italiya, Taurus kuma a Barazil. A Najeriya babu ma kasuwar farar hula da za a yi gasa a kanta, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A irin wannan ƙasa, sunan da zai yi fice ana yanke shi ne a teburin da ake ba da kwangilar sayo wa soja da 'yan sanda makamai, kuma waɗanda suke zaune a teburin su ma sukan duba abin da manyan rundunonin duniya suka riga suka ɗauka.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Na taɓa jin cewa Glock ta yi suna ne saboda ta roba ce, na'urar binciken filin jirgin sama ba ta iya ganinta. Shin da gaske ne? Daga wata mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikis salam, Malama. Ba gaskiya ba ne cewa na'ura ba ta ganinta, domin gangar jikin ce kawai ta roba. Bututun da saman duk ƙarfe ne, kuma su ne suka ɗauki mafi yawan nauyinta, ga harsasan su ma na ƙarfe. Amma gaskiya ne wannan jita-jita ta taimaka wa sunanta. A 1986 wasu rahotanni a jaridun Amurka suka ce Libiya ta Mu'ammar Gaddafi tana neman sayen bindigar roba da za a iya wucewa da ita filin jirgi, majalisar dokoki ta zauna a kan batun, har a 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta haramta bindigar da na'ura ba ta gani, dokar da ba ta shafi Glock ba ko kaɗan. A 1990 kuma fim ɗin Die Hard 2 ya ambaci wata wai ita Glock 7, wadda aka ce da tangaran aka yi ta a Jamus, alhali babu samfuri mai wannan lamba, ba tangaran ba ce, kuma ba daga Jamus take ba. Kamfanin da kusan ba wanda ya san shi a Amurka sai ga sunansa a bakin kowa, bai biya ko sisi na talla ba, abin da Steyr ko Walther ba su samu ba. Birnin New York ya taɓa haramta Glock da sunanta saboda wannan tsoron, sai a 1988 aka gano cewa kwamishinan 'yan sandan birnin, Benjamin Ward, yana da lasisin riƙe ta. An ɗage haramcin, kuma bayan 'yan shekaru Glock 19 ta shiga cikin bindigogin da rundunar 'yan sandan birnin ta amince jami'anta su rataya.